Ƙanin Alhaji a Kan Sikeli

Ni mutum ne mai riƙo. Matata ta sani, abokaina sun sani, ni ma na daina musu. In ka taka ni bisa kuskure, kafin ka ɗaga ƙafa na manta. In kuwa ka taka ni kana kallon ƙwayar idona, to je ka yi harkarka, zan jira ka ko shekara nawa ce. Ƙanin Alhaji wata bakwai kawai na jira shi.

Shekara tara na yi ina jan motar Alhaji a Enugu. Alhaji ɗan kasuwar wake ne, shagonsa na Kasuwar Artisan, gidansa na Ogui. Tirelolin Arewa a Onitsha suke sauke masa kaya, ni kuma aikina in je sau uku a mako in kwaso. Motar tsohuwar akori-kura ce mai ƙofa biyu da dogon baya, fentinta duk ya ƙoƙe, rediyonta sai an mare shi yake magana. Amma buhu goma sha biyu take ɗauka ta hau tudu tana nishi ta sauka lafiya. A shekara taran nan ko kaza ban taɓa bugewa ba. Duk mai mota a unguwa ya san hannuna, har akwai waɗanda suka zagayo ta bayan Alhaji suna zawarcina na ƙi.

'Yan lodinmu na Onitsha ba su da sikeli, da yatsu suke awo. In an jera buhuna, sai babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tsuguna ya zura hannu tsakanin tayar baya da jikin mota. In yatsu huɗu sun shiga, mota ta tashi. In uku ne, a sauke buhu ɗaya. Haka muka tarar ana yi, kuma awon bai taɓa ba mu kunya ba, domin sifirin ɗin tsohuwar motata, wato ƙarafan da ke riƙe nauyinta a kan taya, na kamfani ne. In ta gaji sai ta zauna, kowa ya gani da idonsa.

Sai ƙanin Alhaji ya dawo daga Legas. Abin da ya je yi can bai yiwu ba, Alhaji ya rasa inda zai ajiye shi, ya ce to ya riƙa kula da harkar mota. Mutum ne ƙato, mai son turare da agogo, wanda ko famfon taya bai taɓa riƙewa ba. Mako biyu da zuwansa ya ce tsohuwar motar abin kunya ce ga mai suna irin na yayansa. Ya yi ta hura wa Alhaji kunne har aka sayar da ita, aka kawo wata 'yar Kwatano fara sol, ƙofa huɗu, kujeru gaba da baya, ga sanyi a ciki, tana ja da tayoyi huɗu. Ba zan yi ƙarya ba, ranar da na fara zama a cikinta sai da na ji kaina ya kumbura.

Ƙanin Alhaji bai bar ta yadda ta zo ba. Ya kai ta wajen mai walda aka ɗaura mata wani jibgegen ƙarfen kariya a gaba. Aka gina mata kejin ƙarfe a baya, da rufi, wai ko za a ɗauko raguna da Sallah. Aka ƙara tayoyi biyu na ko-ta-kwana a saman kejin, aka liƙa wani tankin mai a ƙasa. In ta shigo layinmu yara har binta suke yi.

Ranar lodin farko, a buhu na bakwai dattijon ya tsuguna ya zura hannu, ya ɗago ya ce, “Yatsu biyu. Ta ƙoshi.”

Ƙanin Alhaji ya ce, “Baba, wasa kake yi? Tsohuwar gwangwanin can sha biyu take ɗauka.”

Dattijon ya ce, “Yallaɓai, ni ba da ita nake gardama ba. Ga hannuna, ga taya.”

'Yan lodi suka yi ta ƙunshe dariya. Wannan dariyar ce ta ja mini duk abin da ya biyo baya. Washegari ƙanin Alhaji ya sa aka kai motar wajen masu sifirin, aka ƙara mata ƙarfe biyu-biyu a kowane gefe. Da muka koma Onitsha, aka jera sha biyu, mota ko gezau. Aka ƙara biyu. Dattijon ya zura hannu, yatsu huɗu suka shige. Ni ma na tsuguna na zura nawa, suka shige. Na faɗi wannan ne don kada a ce na wanke kaina tas. Ni ma awon ya ruɗe ni.

Amma hannuna a kan sitiyari ya gaya mini abin da yatsu ba su gaya mini ba. Gaban motar ya yi sakayau, in na juya sai ta yi jinkiri kafin ta bi. In na taka birki sai ta yi doguwar tafiya kafin ta yarda ta tsaya. Na gaya wa ƙanin Alhaji sau biyu. Na biyun a gaban abokansa ne, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, “Kai direba aka ɗauke ka ko injiniya? Ja mota, malam.”

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, bayan an ɗauke ruwan sama. Shi yana gaba kusa da ni, abokansa biyu na kujerar baya, sun je Onitsha sayen yadi sun biyo mu. Buhu goma sha huɗu a baya. Duk wanda ya san hanyar ya san doguwar gangarar nan da ake sauka kafin a shiga Enugu. Tun daga samanta na sa babbar giya, ina taɓa birki kaɗan-kaɗan. Ba mu kai rabi ba na ji ƙaurin birki. Na taka, ƙafata ta tafi ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Sai tayar baya ta dama ta fashe. A gabanmu wata bas ce cike da mutane, a hagu motoci na hawowa. Na ce bismillah na karkatar da ita dama, na goga ta da gangar jar ƙasa, na yi ta goga ta har ta kwanta a gefe.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. Ƙanin Alhaji ya bar haƙori ɗaya a jikin gaban mota. Wake kuwa ya malale a kan kwalta har inda ido ya kai. Wasu mata masu tallar ayaba suka rugo da farantansu suna taya mu kwashewa suna ta yi mana sannu da yarensu, “ndo, ndo.” Direban bas ɗin ya tsaya, ya dawo da ƙafa ya rungume ni, yana magana da Ibo ban ji ba, amma na gane godiya yake yi.

Kashegari bayan azahar, a ƙofar masallacin unguwa, mutane ba su gama sa takalma ba, ƙanin Alhaji ya ɗaga murya da kumburarren leɓensa. Ya ce da idonsa ya ga ina gyangyaɗi. Ya ce ya daɗe yana zargin ƙwaya nake sha, yanzu ya tabbatar. Ya ce sabuwar mota, ga yatsu huɗu kowa ya shaida, me zai kayar da ita in ba maye ba? Na juya wajen Alhaji ina jiran ya ce wani abu, mutumin da na yi wa shekara tara. Bai kalle ni ba. Ƙasa yake kallo ya ce, “Ajiye makullin a shago.”

Ni da ko goro ba na ci sai an matsa mini.

Kora ba ta dame ni ba kamar sunan. A garin nan, direban da aka ce ɗan ƙwaya ne ko baro ba a ba shi ya tura. Masu zawarcina jiya, yau in sun hango ni sai su kama waya. Abin da ya fi ci mini rai, wani lebura ɗan ƙauyenmu ya tafi gida ganin iyali, ya tafi da labarin a bakinsa. Da na kira mahaifina, muka gaisa sama-sama, ya ce, “Na ji abin da ka koma a can.” Na fara rantsuwa, ya ce, “Ga uwarka.” Daga ranar in na kira, sai ya miƙa wa wani wayar. Tsohon da ke zama a sahun gaba a masallaci ya koma yin salla a gida, don kada a yi masa jajen ɗa.

Kafin in bar garin na biya wajen bakaniken da aka ja motar zuwa garejinsa a Ogui. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, mun daɗe tare, in na kawo gyara ranar Juma'a shi yake tuna mini lokacin masallaci. Ya ja ni ya buɗe ƙofar direba, ya goge wani ɗan allon ƙarfe da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar.

Ya ce, “Malam, duba nan. Wannan lambar ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da duk abin da ke kanta. Ba ruwanta da wake ne ko mutum ne ko ƙarfe. Wannan mai ƙofa huɗun, tun daga kamfani ta fi tsohuwarka nauyi. Kujerar baya nauyi ce, jan tayoyi huɗu nauyi ne. Abin da ya rage mata, har da kai direba, bai wuce buhu goma ba. To duk ƙarfen da oga ya ɗaura mata, a cikin goman nan ya ci.”

Na ce, “Sifirin ɗin da aka ƙara fa?”

Ya yi tsaki. “Na lie be dat, ƙarya ce. Sifirin ya hana ta zama ne kawai. Birki na nan yadda yake, taya na nan yadda take. An toshe mata baki ne don kada ta yi kuka.”

Na miƙe zan tafi wajen Alhaji a lokacin. Ya riƙo rigata ya ce in zauna. Ya ce wa zai saurari rubutun Turanci a jikin ƙofa, daga bakin wanda aka ce mashayi ne, alhali ga ƙanin mai mota na yawo da giɓi yana nunawa? Gaskiyarsa ce. Na haɗiye, amma ban haɗiye don in manta ba.

Na bar matata wajen yayarta na tafi Fatakwal. A Mile 2 Diobu na sami aiki wajen 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ni da nake zama a kujera ina juya sitiyari, na koma ɗaukar ƙarfe a ka, hannuwana duk suka tsattsage. Kullum ruwan sama, kullum taɓo. Ba na hira da kowa. Yaran wurin suka sa mini ido, suna cewa wannan bawan Allah shi kaɗai yake magana. Da gaske ne, ni kaɗai nake magana. Ina tsara abin da zan gaya wa ƙanin Alhaji ne, in rushe in sake tsarawa. Na yi masa addu'o'in da ba zan rubuta su a nan ba. Wata rana ma har na yi tunanin in je in tare shi a lungu da sifana, sai na ga in na fasa masa kai na tabbatar wa mutane maganarsa kenan.

Wata rana aka kawo ƙarfen gaban wata mota da ta yi haɗari, irin wanda ya ɗaura wa tamu sak. Mu biyu muka ɗaga shi da ƙyar muka aza a kan sikeli. Na ga inda allurar ta tsaya. Na tsaya ina kallonta, sai dariya ta ƙwace mini, irin wadda rabona da ita tun ranar gangara. Mutanenmu ba su yarda da takarda ba, amma ban taɓa ganin Bahaushen kasuwa ya yi gardama da sikeli ba.

Na ci gaba da jira. A wata na bakwai bakaniken ya kira ni.

Ya ce, “Malam, motarka ta sake fasa taya, sau na uku kenan. Direba na biyu ya ajiye makulli ya ce shi yana da 'ya'ya. Alhaji ya fara cewa ko sammu aka yi mata. Tana nan a garejina. If you wan come, come now, in za ka zo yanzu ne.”

Maigidana na Diobu ya kira wani abokin sana'arsa a Enugu ya ce a ara mini sikelin ƙasa, babba. Da na isa ban je wajen Alhaji ba. Wajen liman na je, da shugaban 'yan kasuwar unguwa, na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, na tambayi iyali da jiki da kasuwa, sannan na ce a bainar jama'a aka ɓata ni, ina roƙon a ba ni sa'a ɗaya a bainar jama'a. Na biya wa dattijon lodin nan kuɗin mota daga Onitsha, don ina son shi ma ya gani.

Bayan la'asar aka taru a garejin. Ban taɓa sanin unguwarmu na da mutane haka ba. Alhaji ya zo ya zauna a benci. Ƙaninsa ya zo da abokan nan nasa biyu, ya sa haƙorin roba, yana taunar cingam yana murmushi.

Bakaniken ya ɗauki sifana ya ja layi goma a ƙasa. Ya ce kowane layi buhun wake ɗaya ne, kilo ɗari, kuma goman nan su ne ƙarfin motar, ga shi a rubuce a ƙofa, mai karatu ya duba. Wani malamin makaranta ya duba ya ce haka ne. Sai muka kama kwance notuna. Ƙarfen gaba ya hau sikeli. Keji ya hau, sai da mutum huɗu suka kama. Tayoyin sama suka hau, tanki da mansa ya hau, ƙarafan da aka ƙara wa sifirin suka hau. Duk kilo ɗari, bakaniken ya sa ƙafa ya shafe layi ɗaya. Da aka gama da ƙarafa, layi huɗu sun tafi. Ƙanin Alhaji ya daina taunar cingam.

Na cire takalmi na hau sikelin da kaina. Kilo sittin, Diobu ta ci sauran. Na sauko. Abokan biyu suka hau ɗaya bayan ɗaya suna yaƙe. Layi biyu suka ƙara tafiya. Sannan na juya.

Na ce, “Yallaɓai, bismillah. Saura kai.”

Ya ce, “Ni? Ni za ka ɗora a sikelin bola?”

Na ce, “Ai kai ma a cikin motar kake ranar, ranka ya daɗe. Ko a ƙafa ka biyo mu?”

Ya dubi yayansa. Alhaji ya ce, “Hau.”

Ya hau, da babbar rigarsa da agogonsa, a kan sikelin da ake auna ruɓaɓɓen ƙarfe. Allura ta zabura ta wuce ɗari, ta ƙara ashirin. Wani daga baya ya ce, “Kai, buhu da ɗoriya!” Wurin ya fashe da dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallonsa sosai, don kada wani abu na fuskarsa ya wuce ni. Wata bakwai nake jiran fuskar nan, kuma wallahi ta yi mini daɗi.

Bakaniken ya shafe layi. Ya rage ba su cika uku ba. Na tambayi dattijon lodi buhu nawa ya jera mana ranar. Ya ce, “Goma sha huɗu.” Ya dubi yatsunsa ya girgiza kai, ya ce shekara talatin yana awo da su, bai san ana iya yi musu ƙarya ba.

Alhaji ya zura hannu a aljihu ya fito da makullin ya miƙo mini. Liman ya ce to alhamdulillahi, gaskiya ta fito, ƙanin Alhaji ya ba ni haƙuri, ni kuma in yafe, a tashi. Mutumin ya matso yana ƙunƙuni, ya miƙo hannu.

Ban karɓi hannun ba, ban karɓi makullin ba. Na ce, “Allah gafarta malam, maganarsa ba a nan ta tsaya ba. Ta je har garinmu. Sai ya bi ta can.”

Na fito da wayata na kira ƙanwata, na ce ta kai wa Baba, ta ce masa ba ni ba ne, wani babban mutum ne daga Enugu ke son magana da shi. Na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na kara wayar a bakin ƙanin Alhaji.

Ya yi sallama, ya gaida tsoho, ya faɗi ko shi wane ne. Sannan cikin ƙasa-ƙasa da murya ya ce abin da ya faɗa a kaina ba gaskiya ba ne, ban taɓa shan komai ba, laifin lodi ne, kuma ni ne ma na ceci ransu.

Sai muka ji muryar mahaifina. “Ɗan nan, dakata. Ina zuwa.”

Muka ji takun sandarsa, muka ji ƙarar ƙyaure, muka ji yana sallama, muryoyi da yawa suna amsawa. Na gane wurin, dakalin ƙofar masallacin garinmu ne, inda dattawa ke zama kafin magariba.

Ya ce, “Yauwa. Maimaita, kunnena ba shi da kyau.”

Kunnen mahaifina lafiyarsa ƙalau, yana jin motsin akuya a bayan gida. Ƙanin Alhaji ya maimaita. Tsoho ya ce bai ji ba, a ɗaga murya. Ya ɗaga. Tsoho ya ce ga mai unguwa ya iso yanzu, shi bai ji farkon ba. Sau huɗu ya sa shi ya faɗa, gumi na zuba a wuyan babbar riga, ni kuwa ina riƙe da wayar.

Da ya gama na huɗun, tsoho ya ce, “To, madalla. Ba ni mai wayar.”

Na kara a kunnena. Duk abin da na so in gaya masa ya gudu daga kaina. Ina jin numfashinsa. Can ya ce, “Sun ce ka rame.”

Ban san wa ya gaya masa ba. Na juya wa jama'a baya, na fuskanci bangon garejin, na ce, “Kaɗan ne, Baba.”